Ranar da Motar Baba Ta Daina Kuka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar Babanmu ta daina kuka ba, ko da na so in manta, don har yau in dangi suka taru a gidanmu sai wani ya tono zancen. Ban taɓa alfahari da kaina irin na ranar ba, ban kuma taɓa roƙon ƙasa ta tsage in shige irin na ranar ba. Duka biyun a cikin minti ɗaya suka same ni, da hantsi, a kan hanyar Katagum, a gaban shaidu cike da mota.

Bari in fara da motar. Tsohuwar bas ce fara, irin mai ɗaukar mutum goma sha huɗu a takarda (a tasha kuwa ba a tambaya). Baba ya tuƙa ta shekaru da yawa tsakanin Azare da Katagum kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya miƙa wa Yaya Habu makulli. Injinta lafiya lau, ba ta shan mai. Aibinta ɗaya ne. Da zarar ta fita gari aka sa mata giya lamba huɗu, sai wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashinta, ya yi ta hawa har ya cika motar, ka ji kamar an zaunar da kai a shagon markaɗe. Mata su toshe kunne da bakin mayafi, jarirai su yi ta tsala ihu ba mai jinsu. A tasha ma an manta lambarta, Mai Kuka kowa yake ce mata.

Ni da Yaya Habu kuwa, kukan nan rahama ce a gare mu. Tun ina sakandare, in za mu Katagum gaida dangi, ni nake zama a gaba kusa da shi, manya suna baya. Muka gano cewa duk abin da aka faɗa a kujerar gaba, in dai ana lamba huɗu, a nan yake mutuwa. Sai muka mai da wurin majalisarmu. Babu wanda ba mu taɓa ba a dangi: goggon da ta zo biki da atamfar bara ta rantse sabuwa ce, kawun da ba ya zuwa ziyara sai daidai lokacin sauke tukunya. Doka ɗaya muke da ita, a jira lamba huɗu. In Yaya ya rage gudu saboda rami ko shanu na tsallaka titi, sai mu yi tsit, mu sa fuskar mutanen kirki. A madubi muna hango Baba yana ba da labaransa na direbanci, bakinsa na motsi, hannunsa na zana wani abu a iska, fasinjoji na gyaɗa kai saboda girmamawa. Ko kalma ɗaya ba mu taɓa ji ba.

To, sai Allah ya yi na karanta injiniyancin ƙere-ƙere a jami'a, kuma aikina na shekarar ƙarshe a kan ƙarar haƙoran giyar mota na yi shi (ba sai an tambaye ni inda na samo sha'awar ba). Da na gama bautar ƙasa na dawo Azare da buri ɗaya: in shiga garejin Malam Bukar in yi aiki da hannuna. Malam Bukar tsohon bakanike ne, aminin Baba tun suna samari, kuma shi yake duba Mai Kuka tun ranar da aka sayo ta. Baba ya ce sam. Ba faɗa ya yi ba, Baba ba ya min faɗa, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata," ya ce, "ga makarantu nan suna neman malamai. Me za ki yi a ƙarƙashin mota?"

Na yi magiya, na sa Umma ta yi magiya, ba a dace ba. Rannan da safe aka bugo waya daga Katagum cewa 'yar Goggo Asabe ta sauka lafiya, suna mako mai zuwa, kuma da Mai Kuka za a tafi. Goggo Asabe da ke zaune a tsakar gidanmu ta ce a taimaka a tuna mata ta nemi auduga saboda kunnenta. Nan take na ga ƙofa. Na ce, "Baba, in na kashe kukan motar nan kafin ranar suna fa?"

Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. "Bukar ya canza giyabos har sau biyu bai kashe shi ba. To na ji. In kin kashe shi, na yarje miki garejin. In kin kasa, ki ɗauki alli, magana ta ƙare." Har na miƙe ya ƙara da cewa, "Aksil ɗin baya dai lafiyarsa ƙalau, wannan ni na sani. Kar ki ɓata lokacinki a can." Na ce to, irin to ɗin da masu digiri suke ce wa iyayensu.

Kwana biyu ni da Yaya muna sama da ƙasa a kan titi. Na ɗaure wayata da roba a jikin kujera tana ɗaukar ƙara, ina matsar da ita daga layi zuwa layi, ina rubuta gudun mota da ƙarfin kukan a littafi. Abin da na fara lura da shi, kukan ya fi tsanani a kujerar ƙarshe, ba a gaba ba, inda giyabos yake. Na ce Yaya ya taka kuloci muna cikin gudu. Injin ya lafa, kuka bai fasa ba. Na ce ya sa ta a firi, haka ma. Ke nan ba ruwan inji, taya kukan yake bi: in ta yi sauri ya sirance, in ta rage ya yi kauri. In Yaya ya taka totur muryar ta canza, in ya saki ta sake canzawa, alamar wasu haƙora ne suke cizon juna ba daidai ba. Da na zauna na lissafa sau nawa taya take juyawa a daƙiƙa, na ninka da yawan haƙoran babbar giyar aksil, wadda take juya tayoyin baya, sai amsar ta faɗo daidai kan muryar da wayata ta ɗauka. Na sake lissafawa sau uku don kar daɗi ya ruɗe ni. Ban taɓa jin daɗin lissafi irin na ranar ba, har rawa na taka a ɗaki ni kaɗai.

Na kai wa Malam Bukar littafin a gareji. Bai ko buɗe ba. Da na ce aksil ɗin baya ne, sai ya shafa gemu, ya ɗaga kai yana kallon darbejiyar da ke bakin garejin kamar yau ya fara ganinta.

"Aksil," ya ce. "'Yar Alhaji, kin faɗa wa Alhaji?"

"Sakamako zan kai masa, Malam."

Can ya ce, "To, buɗe."

Akwai wani shuɗin fenti da ake shafa wa haƙoran giya, a juya su, a ga inda suke taɓa juna. Na je shagon Oga Chidi mai kayan gyara, wanda ya fi ni daɗewa a Azare, ya fi ni iya ciniki da Hausa. Ya ce sai dai ya sa a kawo daga Kano, kwana huɗu. Ni kuwa kwana biyar suka rage mini. Na dawo gareji, na buɗe jakata, na ciro jan bakina sabo fil da nake tanadi saboda sunan, na durƙusa na shiga shafa wa giya. Masu aiki a garejin suka ajiye sifana suka kewaye ni. Wani ya tambaya ko za a sa mata kwalli ma. Ban kula su ba. Na juya, na duba. Jan ya goge a can bakin haƙoran kawai, gefe guda, maimakon tsakiya. Shekara da shekaru da tsinin haƙori motar nan take tafiya.

Da na ƙara kwancewa na ga dalili. A inda ya kamata a sa siraran faifan ƙarfe masu daidaita tazarar giya biyun, wani bawan Allah ya yanko gwangwanin madara ya cusa. Har ragowar zanen jikin gwangwanin ana gani. Na ɗaga shi sama da yatsu biyu na ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Mai tambayar kwalli ya tuna yana da aiki a wata mota. Malam Bukar ya ɗauki buta ya tafi alwala, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba. Ni kuma, da kaifin basirata, na yanke hukunci a take: shi ne. Shi ya yi ɓarnar, kunya ta hana shi faɗa, ya yi ta canza giyabos don ya rufe. Na adana gwangwanin a jaka, na adana hukuncin a ciki, ina jiran lamba huɗu.

Gaskiya dai, a kwanakin da suka biyo baya, ba don Malam Bukar ba da ban gama ba. Haƙoran sun riga sun cinye, dole Oga Chidi ya nemo mana wasu na hannu masu lafiya, da sabon boris. Sau biyar ina ɗaurawa, in shafa jan baki, in juya, in kwance, in ƙara faifai ko in rage, har sai da jan ya zauna daram a tsakiyar haƙori. Wajen ɗaure boris kuwa, ina ta fama da ma'auni, shi ya juya da yatsu biyu ya ce, "Ƙara kaɗan." Na auna, maganarsa ce daidai (wannan ban rubuta a littafi ba). Muka canza robobin sifirin da suka mutu, waɗanda ta nan ƙarar take hawa jikin mota, muka toshe wani rami a ƙasan kujerar ƙarshe, muka shimfiɗa roba mai kauri. Jan bakina ya ƙare ƙarƙaf.

Ana gobe suna da la'asar muka fita gwaji ni da Yaya. Ya sa lamba huɗu. Shiru. Muka kalli juna, ya rage gudu ya sake sawa, wai ko motar ta manta ne. Shiru dai. Don in cika aikina na koma kujerar ƙarshe, na ce ya yi magana a hankali daga gaba. Ya ce, "Injiniya, kina ji na?" Na ji shi sarai. Na rubuta a littafina da hannuna: yanzu ana jin maganar gaba har kujerar ƙarshe. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, layi biyu na ja.

Ranar suna mota ta cika maƙil. Umma, Goggo Asabe da audugarta a kunne tun daga gida, sauran goggonni, kulolin abinci, turamen atamfa, da kaza biyu a kwali. Baba ya ƙi zama a gaba. Ya ce a kujerar ƙarshe zai zauna, kan aksil, inda kukan ya fi ƙarfi, don kar a yi masa wayo. Ya jawo Malam Bukar ya zaunar kusa da shi a matsayin shaida. Ni kuma na hau gaba, wurina na gado, waya a hannu.

Muka fita Azare. Lamba ɗaya, biyu, uku. A madubi na ga kowa ya shirya, kafaɗu sun ɗaga, Umma ta kai hannu ga mayafi. Yaya ya yi bismillah ya sa huɗu.

Babu komai. Sai iska da ƙarar taya a kan kwalta. Na ji awarwaron Umma na motsi. Na ji kaza tana gyara kwanciya a kwali. Wata goggo ta ce, "Ikon Allah," a hankali, na kuma ji ta. Na kalli wayata, layin ma'aunin ƙara da ya saba tashi tsaye ya kwanta. Ƙwalla ta cika min ido. Shekara biyar na karatu, da bautar ƙasa, da duk wanda ya taɓa tambayata me mace za ta yi da sifana, ga amsarsu tana gudu a kan hanyar Katagum. Daɗi ya cika ni har wuya, kuma kun san ni, in daɗi ya cika ni a lamba huɗu, wuri ɗaya yake bi ya fita. Shekara goma bakina ya saba, bai nemi shawarar ƙwaƙwalwata ba.

"Yaya, ka ji ko?" na ce, da muryata ta majalisa, wadda ta saba gasa da kuka. "Shekara goma ana azabtar da bayin Allah saboda aikin mutum ɗaya. Wanda ya ɗaura aksil ɗin can, wallahi ko keken yara ba zan ba shi ya gyara ba. Gwangwanin madara fa. Ko makaho aka ba sifana zai fi haka."

Yaya ya yi tari.

"Kuma wai babban bakanike. Ana tambaya ya ɗauki buta." Na shaƙe murya, na shafa gemun da ba ni da shi. "Giyabos ne, Alhaji. A sake sayen giyabos, Alhaji."

Yaya ya sake tari, ya danna ham alhali ba kowa a titi, ya harare ni da gefen ido.

"Ka bar tarin nan," na ce. "Ai lamba huɗu muke."

Kalmar tana fita daga bakina na ji ta. Wato na ji ta yadda kowa ya ji ta, tas, a cikin shirun da ni da kaina na ƙera. Na ɗaga ido a hankali zuwa madubi. Duk motar ni take kallo. Goggo Asabe ta zare audugar kunne ɗaya, ta zare ta ɗayan, ta ninke su a gefen zani, irin na wanda ba ya so ya rasa komai. Malam Bukar yana kallon gonaki ta taga.

"Uwata."

Daga kujerar ƙarshe ne, a hankali, ba ɗaga murya. Aikina ya yi kyau ƙwarai, don har numfashinsa na ji.

"Na'am, Baba."

"Gwangwanin nan, na mai shayin Itas ne. Ni na yanka shi da wuƙata. Bukar bai taɓa aksil ɗin nan ba sai da ke kika buɗe."

Na zame a kujera har gwiwata ta taɓa gaban mota. Baba ya ci gaba, cikin natsuwa. Ranar kasuwa ce, boris ya watse masa a hanyar Itas, mota cike da mata da yara, hadari ya haɗo, ba bakanike ko ɗaya. Ya shimfiɗa rigarsa a ƙarƙashin bishiya, ya kwance aksil shi kaɗai, ya ɗaura da abin da ya samu, ya kai kowa gida kafin ruwa ya sauko. Goggonni suna gyaɗa kai, don su sun san labarin, a gida ma sun sha ji. "Ai a motar nan ma na sha ba da shi," in ji Baba. "Ashe na gaba ba sa ji."

Yaya Habu ya kife kansa kusa da sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

Sai na ji Baba ya juya ga amininsa, ya rage murya, irin maganar da ba a so yara su ji. Kowa ya ji.

"Bukar, ka sani?"

"Tun ranar da ka kawo ta daga Itas, Alhaji."

"Ka bar ni na sayi giyabos har biyu?"

"Kana tsakiyar ba da labarin Itas a gaban mutane, kana nuna yadda ka riƙe wuƙar. Ta ina zan fara? Na ce ko Allah zai sa giyabos ɗin ya rage wani abu."

Umma ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Ni kuwa a raina ina roƙon motar ta yi kukan nan ko na minti biyar ne, in samu wurin ɓuya. Ta ƙi. Haka ta yi ta sulala lafiya lau, ga sauran tafiya da nisa, ina jin kowace dariya daga kowane layi dalla-dalla.

Da muka isa Katagum ban jira Yaya ya kashe mota ba. Na zaga na durƙusa a bakin ƙofa kafin su sauko. Na ce, "Baba, ka yafe ni. Malam, ka yafe ni, na ɗauki alhakinka." A raina na riga na sallama garejin, har na fara tunanin wane aji za a ba ni.

Baba ya sauko da ƙyar, yana dogara sanda. Ya tsaya ya kalli motar, ya ɗan buga jikinta da tafin hannu.

"Bukar, ka ba ta wuri," ya ce. "Alkawari na yi. Kuma garejin da aka rasa mai faɗa wa mai mota gaskiya shekara goma, yana bukatar irin wannan bakin."

Malam Bukar ya gyara hula. "Litinin, ƙarfe bakwai, 'yar Alhaji. Ke ki koya min lissafin nan na waya. Ni kuma in koya miki yadda ake tambayar wa ya yi aiki kafin a zage shi."

A wurin sunan, kafin a raba goro, Baba ya riga ya tara dattawa yana ba su labari. Ina wucewa da kular abinci na ji shi yana cewa, "Uwata ce ta kashe kukan, da jan baki. Ta ce wai ko keken yara ba za ta ba ni ba." Yana faɗa yana murmushi har kunne. Gwangwanin ma ya karɓe shi daga hannuna, yana aljihunsa har yau, ya zama ƙarshen labarin Itas.

Yanzu shekarata biyu a garejin. Direbobi daga Dambam da Itas suna kawo min motocinsu in saurara, kuma tuni Oga Chidi ya fara ajiye shuɗin fentin saboda ni. Majalisarmu ni da Yaya dai ta rushe, ni na rushe ta da hannuna. In muna hanya yanzu, zancen damina da farashin kifi muke yi, sai kuma salati.

Abin da na koya shi ne, abin da ka rubuta a littafi ka ja masa layi biyu, yana da kyau ka sanar da bakinka ma. Shi ya sa duk motar da na kashe wa kuka, kafin in miƙa makulli sai na ja direban gefe na ce masa, "Malam, ka faɗa wa na gaba, na baya suna ji yanzu."